Baƙin Takalmin Taubashina

Har gobe in na shiga masallaci ba na barin takalmina a bakin ƙofa. Haɗa shi nake tafi da tafi, in ajiye a gabana kusa da inda goshina zai sauka. Mutanen Karofane sun gaji da yi mini tsiya a kan haka. Su yi ta yi. Wanda bai hau dutsen da ke tsakanin Gat da Janet da takalmin wani ba, ba shi da abin da zai gaya mini.

Mun kai shekara a Libiya kafin wannan tafiya, ni da Asumana. Asumana ɗan Kawu Illa ne, ƙanen mahaifiyata, wato taubashina ne na jini. Wanda ya tashi a yankinmu na Adar, a Nijar, ya san abin da wannan ke nufi. Taubashi ya zage ka a gaban surukinka, ka yi dariya. Ya tsame tsokar da ka ɓoye a gefen kwano, ya fizge hularka ranar kasuwar Buza ya tafi da ita, ba ka da bakin magana. In ka ɓata rai kai ne abin dariya, har tsofaffi su ce ba ka san zumunci ba. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka tun muna kiwon awaki "bawana" yake kirana. Ban taɓa jin zafin wannan ba, wallahi. Ni ma na ci nasa ba kaɗan ba.

Da aiki ya mutu a Sabha, mai ginin ya ɓace, unguwa ta koma kullum ƙarar bindiga, mu 'yan Adar da ke ɗaki ɗaya muka yanke shawarar tsallakawa Aljeriya. Muka gangaro Gat, garin ƙarshe kafin iyaka. Daga nan mota ba ta kai marar takarda irinmu. Ƙafa ce ke kai shi, ta kan dutse, har Janet.

Babbanmu a tafiyar shi ne Rabe, mutumin Galma, mai furfura a gemu, wanda ya haye dutsen nan ba sau ɗaya ba. Ya tara mu a tsakar gidan da muka sauka ya ce kowa ya miƙo ƙafarsa. Bai duba jaka ba, bai duba guzuri ba, takalmi ya bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen jaki. Ya ce kada wanda ya kuskura ya sa sabo. A nemi wanda ya riga ya saba da ƙafa, mai kaurin tafi da haƙora, wanda ya rufe yatsu ya kama idon sawu, kuma ya ɗan fi ƙafa girma, don ƙafa kumbura take yi in ta sha tafiya. Safa biyu, in da hali. Wanda saye ya zame wa dole, ya bari sai da yamma ya gwada, lokacin da ƙafa ta cika.

Ni dai ba ni da damuwa. Ina da takalmin shantiye, irin na masu aikin gini, mai ƙarfe a baki, wanda na tsinta a gwanjo tun zuwanmu Sabha. Na daɗe ina juya shi kafin in saya, na lanƙwasa tafin, na tura hannu ciki ina laluben ɗinki, har mai sayarwa ya ce ko aurensa zan yi. Mu da muka tashi cikin tsakuwar tudun Karofane mun san abin da dutse ke yi wa ƙafa. Na kai wa wani baduku ɗan Keita ya ƙara masa taya a ƙasa, ina shafa masa mai duk Juma'a. Wata da watanni ina cikinsa, har ya san inda babban yatsana ya karkace. Muni kam yana da shi, Asumana "kofaton jaki" yake ce masa. Rabe ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa, ya ajiye, ya wuce na gaba. A wurin Rabe shiru yabo ne.

Na Asumana ya riga ya yage, dole ya shiga kasuwa. Na ce in raka shi, ya ce bawa ba ya zaɓa wa ubangida kaya. Ya dawo da wani baƙin takalmi mai tsinin baki, yana ƙyalli kamar an lashe shi, tafinsa sumul babu ko zane. A ido fata ce, a hannu roba. Rabe ya riƙe baki. Asumana ya ce shi ba zai shiga Aljeriya kamar ɗan gudun yunwa ba, kuma hoton farko da zai aika gida dole a ga ƙafarsa. Ka san halinmu, ɗan Adar ya kwana da yunwa a ƙasar mutane, amma hoton da zai tura gida sai ya fi na gwamna. Aka yi masa magana, aka gaji, aka bar shi.

Wata buɗaɗɗiyar mota ta fitar da mu bayan gari ta zube mu, muka taka zuwa gindin dutsen inda jagoranmu, wani Buzu marar yawan magana, ke jira. Tafiyar ba ta da tsawo, amma kafin mu isa na ga Asumana ya fara taka ƙasa a karkace. Da muka zauna, ya koma bayan wani dutse shi kaɗai. Na bi shi da ido. Ya zare takalmin, ya juya dunduniyarsa yana dubawa, fatar ta ɗaye, ja wur. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, ya yi mini gwalo. Abin da na gani a nan shi ne shaidata, kuma shi na riƙe duk tsawon zamana a can.

Jagora ya ce zai raba mu kashi biyu, don taro mai yawa ana hango shi daga nesa. Kashin farko su bi shi, na biyu su jira ɗan'uwansa. Kafin nan aka tada sallar la'asar. Na tsaya ɗaure bakin jarkata da ke yoyo, na zo na tarar an yi nisa. Na kwance takalmina na ajiye a baya yadda kowa ya yi, na yi taimama na bi sahu. Liman ya sallame, na miƙe ina cika abin da ya wuce ni.

Ina tsaye ina karatu na ji dariya a bayana. Na ji ana jan igiyar takalmi, kuma na san ƙarar nan, tawa ce. Ban iya juyawa ba. Wa zai yanke salla saboda takalmi? Na yi ruku'u, na yi sujada, hankalina yana baya. Ko da na sallame, ga Asumana tsaye cikin takalmina, ya cusa tsumma a gaba don ya yi masa yawa, yana rawa yana buga ƙasa.

"Bawa ba ya sa abin da ya hi na ubangidanai," ya ce. "Ga na 'yan birni nan na bar maka, ka shiga Aljeriya da daraja."

Kowa ya kwashe da dariya, har Rabe. Ni ma na yi, kuma abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Na ce a raina wasa ne, zai cire. Na miƙa hannu ina cewa ya isa haka, kawo. Sai jagora ya ɗaga sanda, kashin farko suka miƙe, Rabe a gaba, Asumana ya saɓa jakarsa ya shige tsakiyarsu.

"Mu gamu bisa, in ba ka abinka," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Da na bi shi da gudu na kama wuyan rigarsa, da yau ina da yatsuna. Amma jama'a na kallo, kuma galibi 'yan gida ne. Wa zai so a kai labari Karofane cewa Nomau ya shaƙe taubashinsa a kan wasa? Na tsaya da murmushi a fuska kamar sakarai har suka sha kwana.

Ba mu gamu a bisa ba. Takalmin ya yi mini kaɗan, sai da na cire safa gaba ɗaya kafin ƙafar ta shiga, yatsuna suka hau kan juna a cikin tsinin nan. Mu 'yan Adar muna taƙama da dutse, ashe namu tudu ne. Wannan hawa ne da hannu da ƙafa, baƙaƙen duwatsu masu kaifi, wasu suna motsi in ka taka. Tafi sumul ba ya kama komai. In taka, ya zame, gwiwa ta sha ƙasa. Kafin rana ta faɗi dunduniyata duka biyu sun ɗaye. Washegari na ji ƙafata tana cakal-cakal a ciki, na ɗauka gumi ne. Na gwada cirewa in tafi haka nan, ban yi nisa ba dutse ya yanke mini tafin ƙafa, na mayar.

Duk taku ɗaya sunan Asumana nake kira. Wasu suna salati, wasu suna kiran uwarsu, ni shi nake kira, kuma ba da alheri ba. Da ba don haka ba ina jin da na zauna a wurin na bar wa ungulu. Fushi ne ya hau da ni dutsen nan.

Akwai wani tsoho ɗan Mali a kashinmu, ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensa. Da muka tsaya hutawa da hantsi ya zo ya tsuguna a gabana, ya ciro reza daga cikin hularsa, ya yanke bakin takalmin duka biyu, yatsuna suka fito suka sha iska. Ya yage gefen rawaninsa ya naɗe mini dunduniya. Ya ba ni dabino, ya dafa kaina, ya koma wurinsa. Ban san sunansa ba, a Janet muka rabu.

Yankan ya ba ni sauƙi, amma ya bar yatsuna a fili. A gangara, na bayana ya taka wani dutse ya ɓalle ya mirgino, na yi yunƙurin kaucewa tafin ya zame. Ya sauka kan ƙafata ta hagu, kan ƙananan yatsu biyu. Da takalmina ne mai ƙarfe a baki, da tsaki kawai zan yi in wuce.

Na shiga Janet da sanda. Na tambayi 'yan kashin farko, aka ce sun samu mota sun yi arewa tun kafin mu sauko. Asumana bai bar mini ko sallahu ba. Tsoron kamu ya hana ni neman asibiti, sai na kwanta a wani kango ina zuba ruwan gishiri. Yatsun suka yi baƙi, suka fara wari, har waɗanda muke kwana tare suka ja tabarmarsu nesa. Wani ɗan garin mai aikin jinya, da ke leƙo baƙi in ya tashi aiki, shi ya duba ya girgiza kai. Ya nuna mini da hannu cewa in ba a cire biyun nan ba, ƙafar ce za ta tafi. Ya cire. Bai karɓi komai ba, har madara yake kawo mini. Allah ya saka masa.

Da na fara takawa, 'yan kangon suka ce in jefar da baƙin takalmin, ƙazanta ne. Na ƙi. Na shanya shi a rana da jininsa da komai, ya bushe ya ƙandare, na naɗe shi a leda na sa a ƙasan jakata.

Sai da sanyi ya wuce na iso Wargala, inda 'yan Adar ke da ɗaki a cikin wani ginin da ba a gama ba, Rabe ne babban ɗakin. Na yi sallama da yamma, an dawo daga aiki. Abin da idona ya fara sauka a kai a bakin ƙofa shi ne takalmina, siminti ya bushe a kansa, an maye igiyar da waya.

"Bawana ya iso!" in ji Asumana, ya taso da hannu a buɗe.

Ban ba shi hannu ba. Na zauna na tuɓe ƙafar hagu na miƙe ta a tsakiyar ɗaki. Aka yi tsit. Na ga fuskarsa ta canja, na ce to, ga ta nan tafe, zai faɗi laifinsa. Sai ya ƙirga yatsun da suka rage mini da ɗan yatsa, ya kalli jama'a, ya ce, "To, Takwas, sannu da hanya."

Wani ya yi dariya don ya kori shirun, saura suka bi. Daga ranar sunana ya ɓace. Takwas a ɗaki, Takwas a shantiye, har Larabawan da muke yi wa aiki suka koya.

Daga baya Rabe ya zaunar da mu. Ya ce ƙaddara ce, ya ce jini ɗaya ne, ya ce Asumana ya mayar mini da takalmi ya kuma ci da ni har in samu aiki. Na ce ba na so. Takalmin ya riga ya koyi ƙafar wani, abinci kuwa ina da hannu. Abu ɗaya nake so, ya tsaya gaban waɗanda suka yi dariya a gindin dutse ya ce ba wasa ba ne. Ya ce ya ga ƙafarsa ta ɗaye, ya san abin da ke gaba, ya zaɓi tawa ta lalace maimakon tasa.

"In ce mi?" in ji Asumana. "Wasa na, kowa ya gani. In dutse ya hwaɗo maka, ni na turo shi?"

Rabe ya ce in yi haƙuri. Na ce na yi. Ƙarya nake.

Haka muka zauna, kwano ɗaya, ɗaki ɗaya. Yatsu biyu ƙanana, wa zai ce suna da aiki? Sai da na hau katakon gini na ji ƙafar hagu ba ta riƙe ni. Aka sauko da ni wurin kwaɓa siminti, aikin sababbin zuwa, shi kuwa yana bisa yana jera bulo yana waƙa, yana leƙowa yana cewa Takwas a ƙaro kwaɓi. Inna tana aiko da saƙon murya ta wayar maƙwabta: ya sanyi, ya aiki, kuna dai riƙe da juna kai da ɗan'uwanka ko? Sai in zagaya bayan gini in saurara, in sake saurara, ina jin kukan awakinmu a bayan muryarta, in ce mata lafiya lau muke. Ban gaya mata zancen ƙafa ba. Yaya zan sa ta tsakanin ɗanta da ɗan ƙanenta, tana can ita kaɗai da gona?

Na saƙa abubuwa da yawa a kan Asumana, ba zan ɓoye ba. Na san wace igiya ce ke riƙe da katakon da yake tsayawa a kai. Amma wannan bai yi mini ba, ba karaya nake so masa ba. So nake ƙasa ta ci ƙafarsa yana tafe, ina kallo, jama'a na kallo. Astagfirullah, amma haka zuciyata take.

Aikin farko da aka biya ni, takalmi na saya. Na yi ta zagaya 'yan gwanjo da yamma har na samu mai faɗin baki wanda ya karɓi ƙafar nan yadda ta koma, na cusa auduga inda yatsun suke a da. Na kuma sa aka yanka mini na taya irin na gida, mai maɗauri a dunduniya, na ajiye a jaka a kan baƙin nan. Jakar ba ta rabuwa da ni, ita ce matashina, ita ce a gabana in ina salla. Ana ta tsokanata, wai Takwas mai shirin gudu.

Wata Juma'a ce da hantsi, ba aiki, kowa na wanki da wanka, sai motoci suka zagaye ginin. Masu kaki suka shigo, kowa a yadda aka same shi aka fitar da shi. Ni ina zaune, takalmi a ƙafa, jaka a cinya. Asumana daga wanka ya fito, da gajeren wando da 'yar riga da silifa. Ya roƙa a bar shi ya ɗauko takalmi a bakin ƙofa, aka tura shi gaba. Muka wuce kofaton jakina a inda yake, ban ko ji ciwon rabuwa da shi ba.

Aka loda mu a kar, wato manyan bas-bas, aka yi ta gangarawa da mu kudu, daga wannan tsakar gida mai katanga zuwa waccan, burodi da ruwa, har Tamanrasat. Can aka mayar da mu manyan motocin kaya. 'Yan Nijar galibi har Asamaka ake kai su, garinmu na farko bayan iyaka, amma mu an cakuɗa mu da 'yan Mali da 'yan Gine. Wajen turereniyar hawa silifar Asumana ɗaya ta tsinke, ɗayar ta faɗa ƙarƙashin mota.

Da safe aka zube mu a wani fili, babu itace, babu inuwar da za ta ɓoye ko ƙadangare. Wani ya nuna da hannu ya ce Nijar tana can, motoci suka juya. Da farko yashin da sanyinsa, marasa takalmi ma su ne a gaba. Rabe ya kalli rana ya ce a ɗaga ƙafa. Na san abin da yake nufi, kuma Allah ya gani, daɗi na ji.

Rana ta ɗaga. Yashi ya yi ɗumi, ya yi zafi, ya koma irin wanda ake suyar gyaɗa a ciki. Asumana ya cire 'yar rigarsa ya yaga biyu ya ɗaure a ƙafa, ta kwance, ya sake ɗaurawa, ta cika da yashi. Ya ɗan yi gudu, ya tsaya kan ƙafa ɗaya, ya canja. Na rage tafiya don kada ya ɓace mini. Daga ƙarshe ya zo gefena.

"Nomau," ya ce. Rabon da in ji wannan suna a bakin ɗan Adar har na manta. "Na san kana da na taya cikin jikka. Ara mini, don Allah, don darajar Inna."

Na tsaya. Na kira Rabe, na kira sauran, na ce su matso, taubashina na da buƙata. Na tsuguna na buɗe jaka a hankali, na fito da na taya, na kaɗe shi. Asumana ya miƙo hannu. Kusa da mu akwai wata mata 'yar Mali da goyo, ta naɗe ƙafafunta da ɗankwali, tana tafe tana cije leɓe. Na tuna tsohon nan mai reza. Na wuce hannun Asumana na ajiye takalmin a gabanta. Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta sa, ya yi mata yawa, na ja mata maɗaurin.

Sannan na zura hannu ƙasan jaka na ciro ledar. Baƙin takalmin ya fito a ƙandare kamar busasshen ƙirgi, bakinsa a yanke, cikinsa duk jinina.

"Ga naka," na ce. "Kai ka zaɓe shi da idonka a Gat. Na 'yan birni na, ka shiga Nijar da daraja." Na kalli jama'a. "Wasa na. Ku yi dariya mana."

Ba wanda ya yi. Rabe ya ce, "Nomau, ka ji tsoron Allah."

"A gindin dutse ba ka tuna mai da Allah ba, Baba Rabe. Haƙoranka na gani."

Rabe ya sunkuyar da kai. Asumana ya kalli yashi, ya kalli takalmin, ya tsaya kan ƙafa ɗaya ya cusa. Ya shiga, ai nasa ne. Muka ci gaba. Na koma bayansa don kada taku ko ɗaya ya wuce ni. Busasshiyar robar ta kama dunduniyarsa daidai inda ta kama tawa. Yashi mai zafi yana shiga ta yankan yana cika masa yatsu. Na ga ja ya fara fitowa ta baya, na ga yana jan ƙafa, na ji yana nishi. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ni ban ga ta fi ba, amma na sha ta da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Wasu suka ba shi kafaɗa, ban hana ba. Da aka fara hango eriyar Asamaka can nesa, ya durƙushe. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Ban ji ba," na ce. "Su ma ba su ji ba."

Ya ɗago. Leɓunansa sun tsage, yashi ya manne masa a gemu.

"Ba wasa ba na," ya ce. "Na ga ƙahwata ta ɗaye, na ji tsoro. Na san ba ka iya yanke salla, na san ba ka iya hushi gaban mutane. Da sani na ɗauka."

Na daɗe ina jiran wannan magana. Na ɗauka in ta zo abin da ya danne mini ƙirji zai sauka. Ya sauka, amma ba duka ba. Na zauna kan jakata na kwance takalmina, na cire safa ta sama daga kowace ƙafa, na jefa masa. Na mayar da takalmina na ɗaure tam. Safa ya samu a wurina, ita kaɗai, da ita ya ƙarasa. A Asamaka aka wanke masa ƙafa aka naɗe, na tsaya a kansa ina kallo har aka gama.

Labari ya riga mu isa Karofane, ka san waya. Amma rabinsa ne ya isa, cewa Nomau ya ba baƙuwa takalmi ya bar ɗan'uwansa yana zubar da jini a hamada. Kawu Illa bai amsa gaisuwata ba. Asumana kuwa in mun haɗu a hanya sai ya ce ina kwana, in ce lafiya lau, kamar baƙi biyu a tasha. Bai ƙara ce mini bawa ba, ban ƙara taɓa hularsa ba.

Inna ta bari sai da masu sannu da zuwa suka ɗauke ƙafa. Tana zaune kan tabarma a inuwar rumbu tana tsintar wake, ba ta dube ni ba. Ta ce wasan nan kakanni sun bar shi ne don kada 'yan'uwa su riƙe juna a zuci, ni kuma na je ƙasar mutane na kashe shi a gaban baƙi. Ta ce da wane ido za ta kalli ƙanenta.

"To yanzu zuciyarka ta yi sanyi?" ta ce.

Tun da na dawo ba ta ga ƙafata ba, ko alwala a bayan ɗaki nake yi. Na kwance igiya, na zare takalmin hagu, na zare safa, na ɗora ƙafar kan tabarma kusa da faifanta. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Shi da goma ya komo, Inna," na ce.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja gefen zanenta ta rufe ƙafar, ta bar hannunta a kai, kuma ba ta sake yi mini wannan tambaya ba.